Bangon Gidan Wanki a Bemidji

Wanki na zo, ba kallo ba.
Na ɗura wa inji silalla takwas,
ya hau juyi da rigunan aikina,
na zaga baya in sha iska,
sai bango ya tare ni.

Daga dama na faro,
yadda nake bin ajamin wasiƙun kakana.
Yara ne a jere, tufafinsu iri ɗaya,
maɓalli har maƙogwaro,
almakashi a kan benci,
kitso a zube a ƙasa kamar igiyar da aka sare wa guga.

Taku shida zuwa hagu, ga teburi.
Masu malafa sun danne takarda da yatsu,
dattawa a tsaye da barguna,
ɗaya ya juya ƙeya yana duban itatuwa.

Daga nan sai ruwa.
Tafki ne shuɗi aka shimfiɗa a tsaye
tun daga bakin kwata har ƙarƙashin indararo.
Kwalekwale na keta shinkafar da ba wanda ya shuka,
namiji a baya yana tunkuɗawa da gora,
mace a gaba da sanduna biyu,
ɗaya ta tanƙwaro zangarniya, ɗaya ta kaɗe.
Har zubar tsabar sai da na ji.

Na ce a fili, madalla, sun koma gida.

Dariya ta sauko mini daga kan tsani.
Tsohuwa ce, furfura tufka biyu har ƙugu,
gwangwanin fenti rataye a gwiwar hannu.
Ta ce, ɗana, ka faro daga wutsiya.
Nan garin daga hagu ake karatu.
Ruwan ne farko.

Na sake bi yadda ta ce.
Tafiyar ba ta kai taku ashirin ba,
amma ƙafata ta yi nauyi tun a teburi.

Verna Kingbird sunanta, Ojibwe ce.
Duk shekara in ƙanƙara ta narke
takan zo ta mayar da abin da sanyi ya ci.
Ja ne ke fara gudu, in ji ta,
shuɗi kuwa akwai taurin kai.

Kakana magini ne a Zariya,
da yatsa yake zana dagi a ɗanyen yumɓu.
Yakan ce bango bai iya ƙarya ba,
iyakaci a shafe masa baki da farar ƙasa.
Na so in gaya mata,
Turancina ya tsaya a rabin hanya.

A layin yaran, na huɗu ba shi da fuska.
Na zaci ruwa ne ya wanke.
Ta ce a'a, ƙanen uwata ne.
Da shekara bakwai aka sa shi a jirgin ƙasa,
ba hoto, ba kabarin da muka sani.
In na ba shi hanci, na wani zan ara.
Ta gyara masa kafaɗa,
ta bar wajen idanun yadda yake.

Sai ta miƙo mini buroshi.
Ga gefen tafki can ya koɗe, ta ce,
gwiwata ba ta son durƙuso.
Na durƙusa, na ja layi sambal.
Ta yi tsaki.
A ƙasarku haka ruwa yake tafiya?
Na saki wuyan hannu, na tuna Kubanni da damina,
ta ce, yawwa.

Inji ya daɗe da yin shiru.
Na kwashe kaya da ɗuminsu,
shuɗi a farce, shuɗi a gwiwar wando.

Ɗakina yana gabas da nan,
ta gefen yaran hanyata take.
Na zagaya ginin duk da haka,
na sake faro bangon daga dama,
na raka su, har da na huɗun,
muka wuce teburi ba mu tsaya ba,
sai bakin ruwa.